Na'urar ayonaiza a wuraren ninƙaya: Shin za ta yi amfani a Damagaram, inda ake auna ruwa da jarka?

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Damagaram, abu biyu ne ke tashi tare: kuɗin jarkar ruwa da sha'awar faɗawa cikin ruwa mai sanyi.

Kwamin ninƙaya na zamani, wanda a Nijar aka fi sani da fisin, ba abu ne da ya yawaita a birnin ba. Amma matashin da ke tunanin buɗe wurin shaƙatawa, ko ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗin gini daga waje yana son ƙaramin kwami a tsakar gida, da zarar ya nemi bayani a intanet zai ci karo da tallan wata na'ura mai suna ayonaiza. Alƙawarin da tallan ke yi mai daɗin ji ne: ruwa garau, babu warin kulorin, babu jan ido, kuma babu cutar da muhalli.

Akwai gaskiya a cikin tallan, akwai kuma abin da aka tsallake. A garin da mata da yara ke kwana a layin famfo lokacin bazara, tambayar farko ga kowace na'ura mai da'awar kare muhalli ita ce: lita nawa za ta ceto? Ta biyu kuma: yaron da ya shiga ruwan zai fito lafiya?

Garin da ke zaune kan dutse

Matsalar ruwa a Damagaram ta girmi duk wanda ke raye a yau. Manyan duwatsun da suka ƙawata unguwar Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, somin-taɓi ne na abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Birnin na zaune ne kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sosai, shi ya sa haƙa rijiya a cikin gari ba kasafai take biyan buƙata ba.

Turawan Faransa sun mayar da Damagaram hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911, kafin su kwashe zuwa Yamai a 1926. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da masana tarihi ke kawowa na wannan ƙaura, domin Yamai na bakin kogin Kwara.

Har yau ruwan famfon birnin daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin burtsatse na Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram, ta cikin bututu masu tsawon kilomita da dama. Kamfanin NDE, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024, shi ke rarraba shi. Ƙidayar 2012 ta nuna mazauna birnin sun haura dubu 300, kuma tun daga lokacin gari sai faɗaɗa yake yi. Ruwan saman da ake samu a shekara bai wuce milimita 400 da 'yan kai ba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Idan famfo ya ɗauke, 'yan ga-ruwa da amalanken shanu da tankoki ne ke cike giɓin.

Duk litar da ta shiga kwamin ninƙaya a Damagaram daga wannan rumbun ta fito.

Lissafin kwami ɗaya

A ɗauki kwami matsakaici, mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita ɗaya da rabi. Cika shi na cin lita 75,000, wato jarka 3,000 mai lita 25.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a rana don sha da girki da ɗan tsafta. A kan wannan ma'auni, ruwan kwamin zai ɗauki gida mai mutum 10 kwana 375, shekara guda har da ƙari.

Cikawar farko ke nan. Bayanta rana da iska za su fara karɓar nasu kason. Fuskar kwamin murabba'in mita 50 ce, saboda haka duk milimita ɗaya da ruwan ya sauka, lita 50 ta tafi. Idan ya sauka da milimita 8 a yini, abin da ba baƙo ba ne a bazarar Sahel, an yi asarar lita 400, jarka 16 ke nan, ko da babu wanda ya tsoma ƙafa. A wata guda lita 12,000. A wannan yanki, ruwan da ke buɗe a fili kan yi ƙasa da kusan mita 2 a shekara saboda ƙafewa, kamar yadda aka daɗe ana aunawa a Tafkin Chadi. Ma'ana, rana na shanye abin da ya fi cikin kwamin gaba ɗaya kowace shekara.

Sai kuma asara ta uku, wadda ita ce ta fi ciwo saboda ana iya kauce mata: ruwan ya lalace, ya yi kore, a zubar a sake cikawa. A nan ne ayonaiza ke da abin faɗa.

Yadda na'urar ke aiki

Ayonaiza ba ta da sarƙaƙiya. Sanduna biyu ne na jan ƙarfe, wasu da garwayen azurfa kaɗan, a cikin wani ɗan gida da ake haɗawa da bututun da ke mayar da ruwa cikin kwami bayan an tace shi. Ana ratsa su da wutar lantarki marar ƙarfi, sai sandunan su riƙa sakin ɓurɓushin ƙarfe masu ɗauke da caji waɗanda ido ba ya gani. Masana kimiyya na kiran waɗannan ɓurɓushi ayon, daga nan sunan na'urar ya fito.

Ayon ɗin jan ƙarfe na hana gansakuka tsiro, ita ce ke mayar da ruwa kore da santsi. Na azurfa kuma na illata ƙwayoyin bakteriya. Adadin da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai: miligiram 0.2 zuwa 0.4 na jan ƙarfe a kowace lita. A kwami mai lita 75,000, giram 22 da rabi sun isa a kai miligiram 0.3. Don kwatanci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 2 a lita a matsayin iyakar jan ƙarfe a ruwan sha.

Akwai kuma ƙaramin samfuri mai yawo a saman ruwa, da ɗan farantin sola a kansa da sandar jan ƙarfe a ƙasa. Shi ne mafi sauƙin sakawa a jakar matafiyi.

Ilimin ba sabo ba ne. Marubucin tarihin Girka, Herodotus, ya ba da labarin cewa a tulunan azurfa ake ɗaukar wa sarkin Farisa ruwan sha idan ya fita yaƙi. A 1893 aka wallafa binciken masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Nägeli, wanda ya nuna ɗan mitsitsin jan ƙarfe a ruwa na kashe gansakuka. A shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta sa an ƙera wata ƙaramar na'ura mai sakin azurfa don tsare ruwan shan 'yan sama jannatin kumbon Apollo. A yau asibitoci da dama a Amurka da Turai na amfani da haɗin jan ƙarfe da azurfa a bututun ruwan zafi don yaƙar ƙwayar Legionella mai haddasa cutar huhu.

Masu talla na son ambaton NASA. Abin da ba sa ƙarawa shi ne tankin ruwan sha a rufe yake, babu mai shiga ciki da gumi a jika.

Ana kuma yawan rikita ayonaiza da wata na'ura ta daban mai amfani da gishiri. Waccan kulorin take samarwa daga gishirin da aka zuba a ruwa, saboda haka kwamin gishiri kwamin kulorin ne.

Inda take da rana a Damagaram

Babban abokin gabar kulorin shi ne hasken rana. Kulorin da ba a sa masa kariya ba, irin na ruwan jabel da ake wanki da shi, rana mai ƙarfi na iya cinye mafi yawansa cikin awa biyu zuwa uku. Don haka ake haɗa shi da wani sinadari mai suna sayanurik, wanda ke yi masa laima. Fararen dunƙulen kulorin da ake jefawa a kwami da wannan sinadari a jikinsu suke zuwa.

Matsalar ita ce kulorin na ƙarewa, sayanurik kuwa yana nan. Kowane dunƙule na ƙara shi, kuma idan ya taru da yawa sai ya danne ƙarfin kulorin ɗin da aka kawo shi ya kare. Mai kwami ya ga ruwa na dusashewa, ya ƙara dunƙule, abin ya ƙara lalacewa. Hanyar da aka saba bi a rage shi ita ce a zubar da wani kaso na ruwan a zuba sabo. Zubar da kashi ɗaya cikin uku na kwami mai lita 75,000 daidai yake da jarka 1,000.

Jan ƙarfe ba ya jin rana, ba ya jin zafi. Idan ya karɓi aikin hana gansakuka, kulorin da ake buƙata ya ragu, dunƙulen da ake jefawa ya ragu, sayanurik ya daɗe bai taru ba, ruwa ɗaya ya yi tsawon rai. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta kiran na'urar mai kare muhalli a gari irin Damagaram.

Hujja ta biyu ita ce wuta. Damagaram da Maraɗi na cikin yankin da ke samun lantarki daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, aka kuma rufe iyakoki, ba a maido da wutar ba sai a Maris na 2024. Ko ba takunkumi, ɗauke wuta a bazara abu ne da kowa ya sani. Idan injin da ke juya ruwa ya tsaya kwana biyu a cikin zafi, kulorin ya ƙone, ruwa kan fara kore. Jan ƙarfen da ya riga ya narke a ciki na ci gaba da riƙe gansakuka har wuta ta dawo. Bambancin ke nan tsakanin ruwan da za a gyara da wanda za a zubar.

Abin da ba za ta iya ba

Ruwa garau ba lallai ne ya zama ruwa mai lafiya ba, kuma a nan ne haɗarin na'urar yake. Da can, koren ruwa shi ke gaya wa mai kwami cewa kulorin ya ƙare. Ayonaiza na kawar da wannan alama. Ruwa na iya zama tas kamar na randa alhali babu abin da ke kashe cuta da sauri a cikinsa.

A kwamin ninƙaya, sauri shi ne komai. Cuta na fita daga jikin wani ta shiga bakin wani cikin daƙiƙoƙi ko mintuna. Alƙaluman Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna kulorin miligiram 1 a lita na kashe bakteriyar E. coli mai sa gudawa cikin ƙasa da minti ɗaya, ƙwayar ciwon hanta nau'in A cikin kusan minti 16, Giardia kuma cikin kusan minti 45. Jan ƙarfe da azurfa su kaɗai na buƙatar lokaci mai tsawo fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma ƙarfinsu a kan ƙwayoyin bairos kaɗan ne.

A wajajen 1990, masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka sun gwada jan ƙarfe miligiram 0.4 da azurfa 0.04 a lita tare da kulorin kaɗan, ƙasa da rabin miligiram. Sun ga haɗin ya fi wannan ɗan kulorin shi kaɗai kashe bakteriya. Sakamakon ya goyi bayan haɗa su biyun, bai goyi bayan cire kulorin ba. Hukumomi a Ostireliya da Kanada ma sharaɗin da suka gindaya ke nan: na'urar ta yi aiki tare da kulorin ko buromin. Shawarar CDC ga wuraren ninƙaya ita ce kada kulorin ya gaza miligiram 1 a lita, ko 2 idan akwai sayanurik a ruwan.

Zafin Damagaram na ƙara wa wannan magana nauyi. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri da ke son ruwa mai ɗumi, tana hayayyafa har a zafin digiri 46. Ta hanci take shiga ta kai ga ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita ba kasafai ba ne, amma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. A Karachi ta ƙasar Pakistan an sha alaƙanta mace-macenta da ruwan da ba a sa masa isasshen kulorin ba.

Akwai kuma aikin da ƙarfe ba ya yi sam: ƙone datti. Gumi, fitsari, man shafawa da man kitso duk suna narkewa a ruwa, kulorin ne ke wargaza su. Ƙaurin da mutane ke kira warin kulorin, da jan idon da ke biyo baya, yawanci daga haɗuwar kulorin da wannan datti suke fitowa. Maganinsu na farko shi ne kowa ya watsa ruwa da sabulu kafin ya shiga, a kuma riƙa fitar da ƙananan yara zuwa bayan gida a kai a kai.

Wata ƙwayar gudawa, Cryptosporidium, ta gagari kulorin ɗin ma, domin takan rayu fiye da kwana 10 a ruwan da aka sa wa miligiram 1. Babu na'urar da ke maye gurbin doka mai sauƙi: mai gudawa ba ya shiga ruwa.

Ƙura, kanwa da tabo

Yawancin waɗannan na'urori don kasuwannin Amurka da Turai da Ostireliya aka tsara su. Damagaram na da nata yanayin.

Na farko, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso hazo daga arewa maso gabas, wani kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne. Ƙurar na ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga gansakuka. Ayonaiza ba ta cire ko ƙwayar ƙura ɗaya. Wannan aikin matatar yashi ne da injin da ke juya ruwa. A ƙa'idar da ake bi a Amurka, ruwan kwamin jama'a gaba ɗaya ya kamata ya ratsa matata cikin awa 6. Na'urar mai yawo da sola ba ta juya ruwa, saboda haka wanda ya saye ta yana zaton ya huta da kuɗin inji ya yi kuskuren lissafi. Ita ayonaiza wutar da take ci kaɗan ce, injin ne mai cin wuta, kuma shi ya fi cancantar a haɗa wa farantan sola.

Na biyu, ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ana son ruwan kwami ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6. Idan ya haura sosai wajen kanwa, jan ƙarfen sai ya daina zama a narke, ya kwanta a bango da tayil ya bar tabo shuɗi-kore mai wuyar fita. Shi ne kuma ke rina farin gashi da fararen tufafi, ba kulorin ba kamar yadda ake zato. A lokaci guda ƙarfin kulorin ma na raguwa.

Na uku, ruwan burtsatse mai yawan ma'adinai kan bar farin ɓawo a jikin sandunan, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Ɓawon na toshe aikin na'urar. Samfura masu inganci na sauya alƙiblar wutar lokaci zuwa lokaci don rage shi, amma duk da haka sai an riƙa cirewa ana gogewa.

Na huɗu, ƙafewa. Ruwa ne ke tashi sama, ƙarfe da gishiri suna zama. Wanda ya bar na'urar a kunne wata da watanni ba tare da awo ba na iya wuce iyaka bai sani ba.

Ina tsohon ruwan zai tafi?

Wannan ce tambayar da kalmar kare muhalli ta fi rauni a kanta. Ruwan da ke da kulorin kawai, idan aka bar shi a buɗe a rana 'yan kwanaki, kulorin ɗin zai tashi, a iya ba wa itatuwa. Jan ƙarfe ba ya tashi, ba ya ruɓewa. Inda aka zuba shi nan zai zauna.

Kifi da sauran halittun ruwa ba sa jure jan ƙarfe, adadin da bai dami mutum ba na iya kashe su. Saboda haka ruwan wanke matata ko na rage kwami bai kamata ya bi magudanar da ke ƙarewa a tabki ba, balle a juye shi a kwamin kiwon tarwaɗa. A cikin dabbobin gida kuma, tumaki ne suka fi saurin cutuwa da jan ƙarfe, domin yana taruwa a hantarsu sannu a hankali. Gidan da ake turke ragon layya a bayan ɗaki ya kiyaye, kada a mayar da ruwan kwami ruwan shan dabba don gudun asara.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar ruwan ya huce daga kulorin, a ba wa itatuwan inuwa irin su dogon yaro, ana sauya wuri, ko a yi amfani da shi a bayan gida da yayyafin tsakar gida.

Kafin a tura kuɗi

Abin mamaki, kayan da ya fi kowanne ceton ruwa ba ya amfani da wuta ko kaɗan: murfi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa rufe kwami idan ba a amfani da shi na rage ruwan da ake ƙarawa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, yana kuma rage sinadaran da ake zubawa da kashi 35 zuwa 60. A Damagaram murfin na da ƙarin aiki, shi ne tare ƙura. Rumfa a saman kwami ma na rage zafin ruwa da ƙonewar kulorin. Sai dai murfin leda mai laushi tarko ne ga ƙaramin yaro, don haka dole a haɗa da shinge da ƙofa mai kulle.

Ga wanda ya yanke shawarar sayen ayonaiza, ko aiko da ita daga waje, ba a cinikin biri a sama. Ya duba girman kwamin da aka rubuta na'urar za ta iya ɗauka, ya kwatanta da litar nasa. Ya haɗo da sandunan canji, domin sandunan cinyewa suke yi, kuma na wani samfuri ba lallai su shiga wani ba. Ya haɗo da kayan awo iri uku: na kulorin, na pH da na jan ƙarfe. Kulorin da pH kullum ake auna su, a wurin kasuwanci ma fiye da sau ɗaya a yini, jan ƙarfe kuma aƙalla sau ɗaya a mako. Duk tallan da ya ce an rabu da kulorin kwata-kwata, a ajiye shi gefe.

Sai kuma mutumin da zai kula da ruwan. Mai gidan na Tarabulus ko Marseille, ƙaninsa ko mai gadi ne ke gida. Idan ba a koya masa karanta launin takardar awo ba, ba a ba shi littafin da zai riƙa rubuta sakamako ba, na'ura mafi tsada ma ado ce kawai.

Iyayen da ke kai yara wurin ninƙaya na kuɗi su ma suna da haƙƙin tambaya: yaushe aka auna kulorin yau, nawa ya nuna? Wurin da ke kula da ruwansa ba zai rasa amsa ba. Idan ba a hango magudanar da ke ƙasan kwami daga sama, ko bango na santsi a hannu, a fasa shiga.

Yaran da ba su da kwami

Mafi yawan yaran Damagaram ba a fisin suke koyon iyo ba. A tabkuna da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini suke koya, idan damina ta cika su. A nan ake ɗaukar tsargiya, wadda dodon koɗin ruwa ke yaɗawa, a nan kuma ake rasa rayuka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Koya wa yara 'yan makaranta iyo a wuri mai tsaro na cikin matakan da hukumar ta ba da shawara.

Wannan ya sa lissafin jarka 3,000 ke da fuska biyu. Kwamin da mutum biyar ke shiga sau ɗaya a mako a bayan katanga, da kwamin makaranta ko na unguwa da yara ɗari ke koyon iyo a cikinsa, ruwa ɗaya suke ci, rana ɗaya ke shan su. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma yaron da ya koya a ruwa mai tsafta, gaban mai koyarwa, ya fi samun damar fid da kansa ranar da ya zame a bakin tabki.

Amma kwamin da yara ɗari ke shiga shi ne ya fi buƙatar kulorin, domin yawan jiki yawan datti. A irin wannan wuri ayonaiza za ta iya tsare ruwan daga gansakuka ranar da wuta ta ɗauke, ta kuma jinkirta ranar da za a kira tanka. Kashe cutar da yaro ɗaya ya shigo da ita kafin ta kai ga na kusa da shi kuwa, aikin kulorin ne da wanda ke riƙe da takardar awo kowace safiya.